Noti na Biyar

Ni dai Guduma ake ce mini, kuma ba don yabo aka laƙaba mini sunan ba. Gyaran bodin mota nake yi, shekara talatin da 'yan kai ina dukan ƙarfe har ya miƙe, kuma a ganina duk abin da ya ƙi jin magana a duniyar nan bai sha duka ba ne. Mutumin da zan ba ku labarinsa kuwa Lallaɓa muke ce masa. Ya girme ni da shekara tara, shi ya sa nake kiransa Yaya, ko da yake ba mu haɗa dangi ba. Abin da muka haɗa shi ne benci ɗaya a bakin garejina, inda muka shafe rabin rayuwarmu muna musu.

A bayan garejin, tafiyar kamar minti goma, akwai filin matattun motoci. Waɗanda suka yi hatsari da waɗanda tsufa ya kayar duk can ake kai su, a jera su layi-layi, kowace a ɗore kan tsofaffin rim, wato ƙarafan cikin taya, da aka haɗe da walda don mutum ya iya shiga ƙarƙashi. Dokar wurin ba ta da yawa. Kai za ka zo da kayan aikinka, kai za ka ciro abin da kake so da hannunka, ka kai bakin ƙofa a yi maka ciniki. Ba a shiga da wutar yankan ƙarfe, ba a shiga da jak na ɗaga mota. Maigadi yana buɗe jakarka in za ka shiga, ya sake buɗewa in za ka fita.

Wannan filin shi ne ofishin Lallaɓa. Da can bakanike ne a wani kamfanin safa-safa, har kamfanin ya durƙushe aka jawo motocinsa aka jibge a filin. Shi kuwa da ya rasa aiki sai ya bi su. Ya san kowace ciki da bai, don haka duk mai neman wani abu daga jikinsu shi yake nema. Kafin a ankara motocin sun ƙare, shi bai bar wurin ba. Sana'arsa ta zama cire kaya kawai: bakanike ya ce yana son famfon ruwa ko fitila ko ƙofa, Lallaɓa ya shiga ya fito masa da shi lafiya lau, da notunansa a cikin gwangwanin madara. Da wannan ya ciyar da 'ya'ya biyar, ya aurar da su, ya yi jinyar mai ɗakinsa har Allah ya yi mata rasuwa.

Abin da ya fi ba ni haushi da shi, wanda kuma shi ya sa kowa ke nemansa, shi ne yadda yake shirin shiga filin. In ka ce masa kana son kaza, ba zai tafi ba. Sai ya fara zuwa wurin motar da za a sa wa kayan, ya shimfiɗa kwalinsa, ya kwanta, ya bi abin da yatsa yana lalubo kowane noti. Wanda ya taɓa, sai ya gwada masa sifana, in ta zauna daidai ya jefa ta a jaka. Sai ya gama wannan tas sannan zai miƙe.

"Yaya, mota iri ɗaya ce fa," nakan ce masa. "Ka cire irin wannan ya fi sau ɗari."

"Filin nan da faɗi, Guduma. In ka manta sifana ɗaya, rabin yininka ya tafi a sintiri."

Jakar ma abin kallo ce. Tsohuwar jakar makarantar autarsa ce, an yi mata faci har ba a gane ainihin launinta. A ciki akwai sifanu masu zobe, lamba goma guda biyu, don ya ce goma ba ta zama da mutum, kullum ɓata take yi. Akwai sukudireba biyu da filaya, da buroshin waya na kankare tsatsa, da 'yar kwalbar man birki da yake ɗiga wa notin da ya ƙi motsi. Akwai tsumma, da ƙaramar tocila, da guntun madubin gefen mota na leƙa inda ido ba ya kaiwa, da alli na yin alama a wayoyi. Gorar ruwa a rataye a gefe, kwali a naɗe a hammata. Guduma kuwa ko ta wasa ba ya ɗauka, abin da ni na ɗauke shi cin fuska.

Ni in na shiga filin, da guduma da kurfi da dogon bututun ƙarfe nake shiga, sai ka ce mai zuwa rusau. Wata rana na je ciro fitilar gaba, noti ɗaya ya ƙi, na ba shi ɗaya a ka. Notin ya fita kam, da shi da kunnen fitilar. Lallaɓa yana layin gaba, ya ɗago kai ya dube ni. Washegari ya ajiye mini wata fitilar a kan benci, lafiyayya, ya ce in riƙa aikensa don motocin su huta. Na yi kwana biyu ba na yi masa magana, amma fitilar na sa ta.

Shi idan noti ya ƙi, sai ya kankare shi da buroshi, ya ɗiga man birki, ya koma gefe ya zauna kan taya yana shan ruwa. Minti goma, minti ashirin, ba ya gaggawa. Sannan ya ɗora sifana, ya ɗan ɗaure kaɗan tukuna, ya dawo baya a hankali. Za ka ji notin ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya saki. Ban taɓa ganin ya cinye kan noti ba, kuma na sa ido sosai, don na daɗe ina neman abin da zan goranta masa.

Bara, wata safiya muna zaune a benci, kofin shayi ya faɗi daga hannunsa. Na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai na ga gefen bakinsa ya karkace. Ni na saɓa shi a kafaɗa na kai shi asibiti. Aka ce ɓarin jikinsa na dama ne ya taɓu. Wata huɗu yana gidan Auta, wadda ke aiki a kantin magani, tana ba shi ƙwayoyi kan lokaci tana hana shi gishiri. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo, hannun ne dai ya dawo rabi. In na je gaishe shi nakan tarar da shi a tsakar gida da wani katako da ya dasa wa notuna, yana ɗaurewa yana kwancewa. Da ya gan ni sai ya tura katakon ƙarƙashin kujera.

Jakar kuwa Auta ta ɗora ta can saman kabad. Ban ga laifinta ba. Yarinya ce mai hankali, kuma ta riga ta binne uwa. Cewa take ba za ta zauna tana jiran ranar da za a zo a ce mata ƙarfe ya faɗo wa mahaifinta a ƙirji ba. Shi kuma cewa yake in ba zai koma filin ba, to me aka yi jinyar don shi? Suka yi ta wannan har wata Laraba a gabana abin ya kai maƙura.

"To mu yi magana ɗaya, Baba," in ji ta. "Ka je ka cire abu ɗaya, kai kaɗai, ina tsaye ina gani. In ka cire, na sauko maka da jakarka har abada. In ba ka iya ba, ka zauna a gida, kuma ba za mu sake tayar da zancen ba."

"Na yarda. Guduma ne shaida."

"Kawu, ka ji dai ko?"

Na ce na ji. A lokacin akwai wata motar ɗaukar kaya a garejina da ta daki gefen gada, ina miƙe mata gaba, tana kuma buƙatar akwatin sitiyari, wannan dunƙulen ƙarfen da ke juya ƙafafun gaba. Ni dai na so a ba shi madubi ko marfin tanki. Shi da bakinsa ya ce akwatin sitiyarin zai cire, ranar Asabar da ƙarfe goma. Na harare shi, ya yi kamar bai gani ba.

Ranar Juma'a da yamma Auta ta sauko masa da jakar don gwajin, ya zo gareji da ita, kamar yadda ya saba, ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin motar tawa. Na yi kamar ina gogar fenti, amma idona yana kansa. Na ga ya kai sifana kan noti, hannun yana rawa, sai da ya tallafa da na hagu sannan ta zauna. Da zai fito kuma sai da ya yi mirgine biyu ya dafa taya. Mutumin nan in aka raba shi da filin nan, na san ba zai daɗe ba, zama zai cinye shi. Ya zaɓi sifanunsa, ya ƙara da tocila da guntun madubi, ya yi mini sallama ya tafi. Ban tambaye shi me zai yi da madubi ba, don ni ban taɓa tambayar kowa komai ba.

Asabar gari na wayewa ina bakin ƙofar filin da bututuna da man birki. Maigadi ya ce ba a buɗe ba tukuna. Na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya zare sakata, don shi ma shekara ashirin ke nan yana buɗe jakar Lallaɓa. Motar da za a cire wa kayan tana layi na shida, ita kaɗai ce irinta a filin. Na shiga ƙarƙashi na ga akwatin, na ga notuna huɗu manya sun yi jajir da tsatsa. Na zura sifana a bututu na taka da ƙafa. Ɗaya bayan ɗaya suka saki. Na mayar da su na bar su sako-sako yadda ko jariri zai juya, na kwaɓa ƙasa da baƙin mai na shafe kawunansu don kada a ga sabon karce. Na fito ina kakkaɓe riga ina jin kaina wani gwani. Har cewa na yi a raina, yau dai Guduma ya yi aikin hankali.

Ƙarfe goma suka iso. Auta ta ɗauko hutun rabin yini, tana riƙe da lema, fuskarta a murtuke. Lallaɓa yana gaba da jaka a kafaɗa, yana ɗan jan ƙafa, yana gaisawa da kowa. Masu cire kaya suka yi ta ɗago kai daga cikin injuna suna yi masa barka da dawowa. Na ga ƙirjinsa ya buɗe. Tun da ya kwanta ciwo ban ga fuskarsa haka ba.

Ya girgiza motar da hannu ya tabbatar ta zauna daram a kan rim. Ya shimfiɗa kwali, ya baje tsumma, ya jera kayansa a kai. Sannan ya kwanta ya ja jiki ya shige, ƙafafunsa kaɗai a waje. Na tsuguna a gefe ina jiran in ji notuna suna faɗawa gwangwani.

Sai na ga bai ko kalli notuna huɗun ba. Ya kunna tocila ya riƙe ta a baki, ya ɗauki guntun madubi ya zura shi sama, bayan wani bututu, yana karkata shi. Ya kai buroshi can ya kankare, ya ɗiga man birki, ya kwanta yana jira. Ni ban gane abin da yake yi ba, amma jikina ya fara ba ni cewa akwai matsala.

Bayan kamar minti goma ya zura sifana mai zobe can ciki inda hannu ɗaya kawai ke shiga, kuma na dama ne ke kaiwa. Na ji ya yi nishi. Sifana ta faɗo ta daki rim. Ya laluba ya ɗauka, ya sake. Ta sake faɗowa. Auta ta matso ta rufe lemar, ta tsuguna kusa da ni. A karo na uku ya daɗe yana ja, ƙafafunsa suna tokare ƙasa, har na ga dunduniyarsa ta tona rami. Sifanar ta kuɓuce, bayan hannunsa ya daki ƙarfe, na ga jini a gaɓoɓin yatsunsa.

Ya kwanta yana mayar da numfashi. Can sai na ga ya ɗaga hannun hagu ya dafa akwatin, ya ɗan tura shi. Akwatin ya motsa. Ya kai yatsa biyu kan ɗaya daga cikin notuna huɗun, ya murza, notin ya juya. Ya dubi yatsunsa da suka kwaso danyar ƙasa da baƙin mai. Ya cire tocilar daga baki.

"Guduma."

"Na'am, Yaya."

"Sunkuyo nan."

Na sunkuya. Ya miƙo mini madubin ya haska tocila, na ga wani noti can a lungu, ƙarami, wanda ban taɓa sanin Allah ya yi shi ba.

"Biyar ne," in ji shi, a hankali, kamar yana koya wa ɗan makaranta. "Da wannan ake farawa, tun huɗun suna riƙe da nauyin. In ka fara sakin huɗun, duk nauyin akwatin sai ya dawo kansa, ya cije."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ban jira ya tona ni ba, na juya ga Auta na faɗa mata komai, da bututun da ƙasar da na shafa. Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

"Kawu, kai da aka sa shaida?"

"Ni ne, 'yata. Duk abin da za ki faɗa mini na cancanta. Amma wannan gwajin bai yi ba, ni na ɓata shi. Bari in ɗaure su yadda suke, ya sake."

Na zaci za ta ce magana ta ƙare, don ai abin da take so ke nan tun wata huɗu. Sai ta leƙa ƙarƙashin motar.

"Baba, gaskiyar Kawu ne. Wannan ba a lissafa shi ba. A ɗaure, ka huta, ka sake. Ko gobe ma, ko wani satin."

Ya ja jiki ya fito. Bai yarda mun kama shi ba, ya dafa taya ya zauna, ya jingina da ƙofar motar. Ya buɗe tafin hannunsa na dama yana kallo, ya dunƙule, yatsun suka tsaya a rabin hanya. Auta ta ciro auduga daga jakarta tana goge masa jinin, ya bar ta.

"Shekara arba'in ina jin ƙarfe a hannun nan," ya ce. "Na san notin da nauyi ya danne, na kuma san hannun da ya gaza. Sau uku sifana ta zame. Ba daga kan notin ta zame ba, Auta, daga tafina ta zame. Ko Guduma bai taɓa komai ba, haka za a yi."

"Baba..."

"Mun yi magana da ke. Ban taɓa saɓa miki ba, ba zan fara yau ba."

Har yau ban sani ba ko gaskiya ya faɗa, ko kuwa rufa mini asiri ya yi don kada in mutu da abin a wuyana. Na tambaye shi daga baya ya fi a ƙirga, amsarsa ɗaya ce, ni kuma ban taɓa samun natsuwa da ita ba. Abin yana ci mini rai, kuma ina jin zai ci gaba da ci har in koma ga Allah.

Ya ɗauki kayansa ɗaya bayan ɗaya yana gogewa da tsumma yana sawa a jaka. Mutanen da suka taru daga nesa suka sulale suka koma bakin aikinsu. Ni kuma don in sami abin yi da hannuna na ce bari in shiga in ƙarasa ciro akwatin.

"Ba yau ba. Ranka a ɓace yake, fasa shi za ka yi." Lallaɓa ya zaro sifana lamba sha bakwai daga jakar ya miƙo mini. "Amma shiga ka ɗaure huɗun nan tam, kamar yadda ka same su. Wani zai zo gobe ya kwanta a nan, wanda ya san aikin, ya fara da na biyar yana zaton huɗun suna riƙe. A fuska zai faɗo masa."

Na karɓa na kwanta a kan kwalinsa. Ta ƙarƙashin motar ina hango ƙafafunsu suna tafiya a tsakanin layuka, nata a hankali don ta daidaita da nasa. Na ɗaure na farko, na ɗaure na biyu. A na uku sai da na tsaya na goge idona da hannun riga, don ban iya ganin kan notin ba.